Amsoshin Tambayoyinku: Idan Aka Samu Mai a Ƙasar Kakanni, Wa Ke Cin Riba, Wa Ke Ɗaukar Asara?

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa sun taru ne a kan batu guda, wato halin da al'ummomin asali ke shiga idan aka gano man fetur ko iskar gas a ƙasarsu. Mutanen da ake nufi su ne waɗanda suka riga ƙasashen zamani kafuwa a wuraren da suke zaune, suna da harshensu da tsarin shugabancinsu, kuma abincinsu da ibadarsu na ɗaure da daji ko kogi ko makiyaya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta yawansu a kan mutum miliyan 476 a ƙasashe kusan 90, kuma wani babban kaso na man da ya rage ba a haƙa ba yana kwance ne a ƙarƙashin ƙasashensu, daga dajin Amazon zuwa yankin ƙanƙara na arewacin duniya.

Tambaya: Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman ƙarin haske. Duk inda na karanta labarin haƙar mai a ƙasar mutanen asali, abin da nake gani shi ne kogi ya mutu, gona ta lalace, jama'a na zanga-zanga. Shin akwai al'umma ko da guda ɗaya da ta amfana da gaske, ko kuwa ko'ina kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi? Daga wani ɗalibin jami'a.

Amsa: Ɗan'uwa, akwai waɗanda suka amfana, kuma adalci ne a fara da su, domin labarinsu shi ke nuna abin da sauran suka rasa. A shekarar 1968 aka gano mai mai tarin yawa a Prudhoe Bay, can arewacin jihar Alaska ta Amurka, a ƙasar mutanen Inufiyat. Kamfanoni na buƙatar shimfiɗa bututu mai tsawon kilomita kusan 1,300 zuwa tashar ruwa ta Valdez, amma 'yan asalin Alaska sun riga sun shigar da da'awar cewa ƙasar da bututun zai ratsa tasu ce, don haka aikin ya tsaya sai an sasanta. Wannan matsi ne ya haifar da dokar 1971, wadda ta tabbatar musu da mallakar fili eka miliyan 44 tare da kuɗi dala miliyan 962.5, aka kuma kafa kamfanonin yankuna 12 waɗanda su kansu ne masu hannun jarinsu. A madadin haka sun sarayar da da'awarsu a kan sauran ƙasar, kuma har gobe akwai masu ganin cinikin ya yi musu tsada. Sai dai abin da ya fi canza rayuwa a arewacin jihar shi ne matakin da Inufiyat suka ɗauka a 1972, lokacin da suka kafa ƙaramar hukumarsu ta North Slope ƙarƙashin jagorancin Eben Hopson, duk da ƙarar da kamfanonin mai suka shigar domin hana ta tsayuwa. Hukumar na da ikon karɓar haraji a kan kadarorin mai da ke yankinta, kuma da wannan haraji aka gina makarantun sakandare da ɗakunan shan magani, aka kai ruwan famfo da lantarki ƙauyukan da a da sai yaransu sun bar gida zuwa makarantun kwana masu nisa kafin su yi karatu.

Akwai irin wannan a wasu wurare. A jihar Kolorado ta Amurka, ƙabilar Southern Ute ta daina zama mai jiran kaso, ta kafa nata kamfanin haƙar iskar gas a 1992, ta riƙa karɓar rijiyoyin da ke ƙasarta tana gudanarwa, tana zuba ribar a asusun jari domin ranar da gas zai ƙare. A Kanada kuwa, al'ummomin Fort McKay da Mikisew Cree sun sayi kashi 49 cikin 100 na wani rumbun ajiyar mai na kamfanin Suncor a 2017, a kan dalar Kanada miliyan 503, sannan a 2022 al'ummomi 23 suka haɗu suka sayi kusan kashi 12 cikin 100 na bututai bakwai na kamfanin Enbridge.

Idan ka lura, duk waɗannan sun shiga harkar ne suna riƙe da wani abu da kamfani ba zai iya tsallakewa ba: ko dai mallakar ƙasa da doka ta amince da ita, ko ikon karɓar haraji, ko hannun jari. A ganina wannan shi ne jigon maganar gaba ɗaya. Alkawarin samar da ayyukan yi, wanda shi ake fara kaɗa wa jama'a, shi ne mafi rauni a cikin amfanin da ake lissafawa, domin aikin mai na buƙatar hannaye da yawa ne lokacin share daji da gina hanya da shimfiɗa bututu, amma da zarar rijiya ta fara aiki, mutanen da take buƙata kaɗan ne, kuma mafi yawansu ƙwararru ne da ake kawowa daga nesa. Abin da kan rage wa 'yan wuri shi ne gadi da tuƙi da ƙananan kwangiloli.

Ka kwatanta wannan da yankin Neja Delta, inda aka fara samun mai a Oloibiri a 1956. Tsarin mulkin Najeriya ya damƙa mallakar duk man da ke ƙarƙashin ƙasa ga gwamnatin tarayya, kuma kashi 13 cikin 100 da ake mayarwa yankunan da ake haƙowa yana shiga asusun jihohi ne, ba hannun ƙauyen da rijiyar take ba. Sai a dokar masana'antar mai ta 2021 aka tilasta wa kamfanoni ware kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsu na shekarar da ta gabata domin asusun al'ummomin da suke aiki a cikinsu, bayan shekara 65 ana haƙa, kuma shugabannin yankin da yawa sun ce kason ya yi kaɗan.

Ina so in ƙara gargaɗi guda, domin mallaka kaɗai ba ta isa kariya ba idan hukumar da ke kewaye da kai ba ta da adalci. Ƙabilar Osage a jihar Oklahoma ta yi hangen nesa a 1906, ta tsaya kan cewa ma'adinan ƙasarta na kowa da kowa ne a ƙabilar, aka raba ribar kaso 2,229. Da mai ya ɓarke, a shekarar 1923 kaɗai sun karɓi fiye da dala miliyan 30. Amma majalisar dokokin Amurka ta ɗora wa da yawansu waliyyai Turawa da sunan kula da dukiyarsu, aka yi ta cin amanarsu, sannan aka kashe gommai daga cikinsu da guba da bindiga domin a gaje kasonsu. Dukiyar da ta zo musu ita ce ta jawo musu makasa.

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciyar lafiya ce. Ana yawan cewa haƙar mai na kawo cututtuka, amma ba a bayyana ta yaya. Malalar mai ce kaɗai matsalar, ko akwai wasu hanyoyin da cutarwar ke bi ta kai ga jikin mutum? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, malalar mai ita ce ake gani a hoto, amma sau da yawa abin da ya fi ta ɓarna shi ne ruwan da ke fitowa tare da man. A ƙarƙashin ƙasa mai na haɗe ne da wani ruwa wanda galibi ya fi na teku gishiri, kuma yana ɗauke da ƙarafa masu guba da ragowar mai. Idan rijiya ta tsufa, takan fitar da gangunan wannan ruwa da yawa kafin a samu gangar mai guda. Hanyar da ta dace ita ce a mayar da shi cikin ƙasa ta wata rijiya mai zurfi, sai dai hakan na cin kuɗi, shi ya sa a wuraren da babu mai sa ido aka shafe shekaru ana juye shi cikin rafuffuka. Haka aka yi wa mutanen Achuar a bakin kogin Corrientes da ke arewacin Peru tun farkon shekarun 1970, kuma binciken ma'aikatar lafiyar ƙasar ya gano dalma da sinadarin kadmiyam a jinin mutanen fiye da ƙima. Sai da suka mamaye rijiyoyin a watan Oktoba na 2006 kafin kamfanin Pluspetrol da gwamnati suka sa hannu a kan yarjejeniyar mayar da ruwan ƙasa. A arewa maso gabashin Ekwador ma, inda kamfanin mai na Texaco ya gudanar da aiki daga 1964 zuwa 1990, an bar ɗaruruwan ramukan sharar mai a buɗe, ba tare da shimfiɗar da za ta hana su tsiyaya ba, a ƙasar mutanen Cofán da Siona da Secoya.

Mafi cikakken bincike a kan abin da irin wannan ke yi wa ruwan sha shi ne wanda hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a kan ƙasar Ogoni da ke Neja Delta a 2011. A garin Nisisioken Ogale an samu sinadarin benzin, wanda ke haddasa kansar jini, a rijiyoyin sha ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900, kuma an tarar da tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a saman ruwan ƙarƙashin ƙasa. Rahoton ya ce gyara zai ɗauki shekara 25 zuwa 30, ya kuma ba da shawarar a fara da dala biliyan 1. Ki tuna cewa an daina haƙa a Ogoni tun 1993, amma bututan da suka ratsa ƙasar da rijiyoyin da aka bari sun ci gaba da zuba.

Hanya ta gaba ita ce iska. Inda kamfani ke neman mai ba gas ba, yakan ƙona gas ɗin da ya fito a bututu mai harshen wuta dare da rana, kuma hayaƙin na ɗauke da baƙin ƙura da sinadaran da ke tsananta asma da sauran ciwon numfashi. Dokar Najeriya ta haramta wannan ƙonawa tun daga 1984 sai da izinin minista, kuma a 2005 babbar kotun tarayya da ke Benin ta yanke hukunci, a ƙarar da aka shigar a madadin garin Iwherekan, cewa tana tauye haƙƙin rayuwa, amma har yau wutar na ci a wurare da dama. A Ekwador 'yan mata tara ne suka kai gwamnati kotu a kan wannan batu, suka kuma yi nasara a 2021.

Dalilin da ya sa duk wannan ya fi tsanani a kan al'ummomin asali shi ne yadda suke rayuwa kai tsaye daga ƙasa. Mutumin birni yana sayen abinci daga wurare daban-daban, yana shan ruwan da aka tace, alhali wanda kifin kogi guda shi ne namansa na yau da kullum yana tara gubar wannan kogi a jikinsa shekara da shekaru. Idan kuma ya ji tsoro ya daina cin kifin, sai ya koma kan abincin gwangwani da sukari, inda ciwon suga da hawan jini ke jiransa. Bayan da jirgin dakon mai na Exxon Valdez ya yi haɗari a watan Maris na 1989 ya zubar da kimanin ganga 260,000 a gabar Alaska, ƙauyukan Alutiiq irin su Tatitlek da Chenega sun shafe shekaru suna shakkar abincin teku da kakanninsu suka rayu a kai, kuma tare da abincin aka rasa lokutan da dattawa ke koya wa yara farauta da kamun kifi.

Akwai kuma cutarwar da ke shigowa ta hanyar mota. Hanyar da aka fasa domin manyan motocin kamfani ita ce masu saran katako da masu mamaye filaye ke bi, kuma ga mutanen da ke zaune a keɓe a daji, irin Tagaeri da Taromenane na Ekwador, mura ko ƙyanda da baƙo ya kawo na iya hallaka zuriya guda, domin jikinsu bai taɓa saninta ba. Haka nan sansanonin ma'aikata, inda dubban maza ke zaune da kuɗi a hannu ba tare da iyalansu ba, sukan zo da giya da ƙwaya da cin zarafin mata. An ga haka a Fort Berthold da ke jihar Dakota ta Arewa bayan bunƙasar mai daga 2008: kuɗin shiga na ƙabilun Mandan da Hidatsa da Arikara ya ƙaru sosai, amma laifuka ma sun ƙaru, ga kuma giɓin doka da ya hana kotunan ƙabila hukunta baƙin da ba 'yan ƙabila ba a mafi yawan laifuka.

Tambaya: Malam, kamfanoni na cewa yawancin malalar mai a Neja Delta ɓarayin mai ne ke fasa bututu. Idan haka ne, ba a yi musu rashin adalci ba da ake ɗora musu laifi? Daga wani tsohon ma'aikaci.

Amsa: Ranka ya daɗe, satar ɗanyen mai da tace shi a ɓoye cikin daji gaskiya ne, kuma ɓarnar da suke yi babba ce, rahoton 2011 da na ambata shi kansa ya yi magana a kai. Amma akwai abubuwa biyu da ke hana a tsaya a nan. Na farko, an daɗe ana sukar yadda ake tantance musabbabin malala, domin kamfanin da zai biya diyya idan laifinsa ne shi ke da kayan aiki da jiragen ruwa da ƙwararrun da ke jagorantar binciken. A garin Bodo, malala biyu da suka fara a 2008 sun faru ne saboda lalacewar bututu, kamfanin Shell ya amince da alhakinsu, kuma a shari'ar da aka yi a Landan ya yarda cewa ƙiyasinsa na farko na yawan man da ya zuba ya gaza gaskiya. An sasanta a 2015 a kan fam miliyan 55. Na biyu, dokar Najeriya ta ɗora wa mai bututu alhakin kwashe man da ya zuba ko da wani ne ya fasa, kuma a watan Janairun 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Hague da ke ƙasar Holland ta samu reshen Shell na Najeriya da alhakin malalar Oruma da Goi, bayan shekara 13 manoma na neman haƙƙinsu. Abin da ke damuna a dokar 2021 shi ne tanadin da ya ce idan aka yi ɓarna a yankin al'umma za a cire kuɗin gyara daga asusunta, wanda ke nufin hukunta ƙauye guda a kan laifin gungun da ƙauyen ba shi da ƙarfin hana shi.

Tambaya: Malam, a dokokin duniya, al'umma na da ikon cewa ba ta yarda a haƙa mai a ƙasarta ba? Daga wata ɗalibar shari'a.

Amsa: Malama, a rubuce akwai wannan haƙƙi zuwa wani mataki, a aikace kuwa sai an yi gwagwarmaya. Yarjejeniya mai lamba 169 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1989, ta wajabta wa gwamnati tuntuɓar al'ummomin asali kafin ta ba da izinin haƙa, ko da kuwa gwamnatin ce mai ma'adinan, ta kuma ce su samu rabo daga amfanin da diyyar ɓarna. Tana da ƙarfin doka, amma ƙasashe ashirin da 'yan kai ne suka rattaba hannu, mafi yawansu a Latin Amurka, kuma a Afirka Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ce kaɗai. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta watan Satumban 2007 ta yi gaba, ta yi maganar neman yardar mutane ba tare da tilas ba, kafin a fara aiki, bayan an ba su cikakken bayani. Ƙasashe huɗu ne suka ƙi ta a lokacin, wato Amurka da Kanada da Ostareliya da New Zealand, ko da yake duk sun janye adawarsu daga baya. Rauninta shi ne sanarwa ce, ba ta ɗaure kowace gwamnati sai wadda ta shigar da ita cikin dokokinta.

Tsakanin tuntuɓa da neman yarda akwai tazara mai faɗi, kuma a nan rigingimu ke tasowa. Gwamnati na iya kiran taro, ta rarraba takardu cikin harshen da mutane ba sa ji, ta rubuta sunayen mahalarta, sannan ta ce an tuntuɓa. Shari'ar Sarayaku ta taƙaita irin wannan. Ekwador ta bai wa wani kamfanin Ajantina izinin neman mai a ƙasar Kichwa na Sarayaku a 1996 ba tare da an tambaye su ba, kamfanin ya binne nakiyoyi kimanin kilo 1,400 a dajinsu domin binciken ƙarƙashin ƙasa, kuma a 2012 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Nahiyar Amurka ta yanke cewa gwamnati ta keta haƙƙinsu, ta umarce ta da kwashe nakiyoyin da biyan diyya. A Kanada ma, kotun lardin British Columbia ta yanke a 2021 cewa tarin izinin rijiyoyi da hanyoyi da bututai da aka bayar a ƙasar al'ummar Blueberry River ya saɓa wa yarjejeniyar da aka ƙulla da kakanninsu, ko da kowane izini shi kaɗai bai yi kama da babban abu ba. Wannan hukunci na da muhimmanci, domin haka ake cinye ƙasa, rijiya bayan rijiya.

Amma kada ki ɗauka kotu mafita ce mai sauri. Ƙarar da aka shigar a kan Texaco a 1993 ta kai ga hukuncin dala biliyan 9.5 a kotunan Ekwador, sai Chevron, wadda ta sayi Texaco a 2001, ta ce Texaco ta riga ta yi nata kason gyaran kuma gwamnati ta sallame ta a 1998, sannan wata kotun Amurka ta yanke a 2014 cewa an samu hukuncin ne ta hanyar maguɗi. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan lauyoyin ɓangarorin biyu, mutanen da ke shan ruwan ba su samu gyaran da suka nema ba bayan shekara 30. A Standing Rock da ke Amurka, dubban mutane sun taru a 2016 domin hana bututun Dakota Access ratsa ƙarƙashin kogin Missouri kusa da ƙasar Sioux, duk da haka mai ya fara gudana a cikinsa a watan Yunin 2017, aka ci gaba da shari'a yana aiki. Kuma a inda mulki ke hannun soja, neman haƙƙin kan zama sanadin rasa rai, kamar yadda aka rataye Ken Saro-Wiwa, jagoran fafutukar Ogoni, da abokansa takwas ranar 10 ga Nuwamban 1995. Har a inda jama'a suka yi nasara da ƙuri'a, kamar raba-gardamar Ekwador ta watan Agustan 2023 inda kusan kashi 59 cikin 100 suka zaɓi a daina haƙa a wani sashe na dajin Yasuní, wa'adin shekara guda da aka bayar ya wuce ba a rufe rijiyoyin duka ba.

Tambaya: Malam, idan al'umma ta rabu biyu, wasu na so wasu ba sa so, maganar wa za a ɗauka? Kuma idan suka yanke shawarar karɓa, me ya kamata su tsaya a kai? Daga wani malamin makaranta.

Amsa: Malam, rabuwar kai a nan ba alamar cewa an sayi wani ɓangare ba ce kullum, kuma kuskure ne mutanen waje su zaɓi ɓangaren da ya dace da ra'ayinsu su ce shi ne na gaskiya. A Alaska, mutanen Gwich'in sun tsaya tun 1988 kan ƙin haƙa a gabar gandun dajin Arctic, domin a nan garken barewar karibu da suke rayuwa a kai ke haihuwa, alhali shugabannin Inufiyat na Kaktovik, waɗanda ƙauyensu ke cikin gandun, suna goyon baya saboda da harajin mai suke gudanar da makaranta da asibiti. Dukansu 'yan asali ne, kuma dukansu suna kare rayuwarsu. A Kanada, zaɓaɓɓun majalisu 20 na al'ummomin asali sun sa hannu a kan bututun gas na Coastal GasLink, amma sarakunan gargajiya na Wet'suwet'en suka ce ƙasar da ke wajen ƙauyuka a hannunsu take bisa dokar kakanni, kuma ba su yarda ba. Abin da nake gani shi ne al'umma ta zauna ta tsara yadda take yanke shawara, a rubuce, tun kafin kamfani ya iso, a san waye ke magana da sunanta, a kuma tabbatar mata da matasa da masunta da ƙauyukan da ke ƙasan kogi na da murya, domin waɗanda ruwa ke kai wa guba ba lallai ne su zama waɗanda rijiya ke filinsu ba.

Idan aka zaɓi karɓa, abu na farko shi ne a auna ruwa da ƙasa da lafiyar jama'a kafin a kafa injin farko, a hannun ƙwararrun da al'umma ta zaɓa, domin in babu wannan ma'auni, duk ranar da aka je kotu kamfani zai ce haka ya tarar da wurin. Sai a ware wuraren da ba za a taɓa ba ko nawa aka bayar, kamar maƙabarta da wuraren ibada da mashayar ruwa. Kason al'umma ya zama wani yanki na abin da aka haƙo ko hannun jari, ya shiga asusun da kowa ke iya ganin lissafinsa, a kuma ajiye wani ɓangare ga 'yan baya, tunda farashin mai na hawa da sauka kuma rijiya ƙarewa take. A rubuta cewa dole a sanar da jama'a duk wata tsiyaya nan take. A ma'adinar mai ta Kearl da ke lardin Alberta na Kanada an gano gurɓataccen ruwa na tsiyaya a watan Mayun 2022, amma al'ummar Athabasca Chipewyan da ke farauta da kamun kifi a ƙasan kogin ba ta samu cikakken labari ba sai bayan wata tara.

Sharaɗin da na fi ba muhimmanci shi ne kuɗin rufe rijiya da gyaran ƙasa. Manyan kamfanoni kan sayar da tsofaffin rijiyoyi idan riba ta ja baya, kamar yadda Shell ta kammala sayar da reshenta na tudu a Najeriya ga gamayyar Renaissance a watan Maris na 2025, kuma ƙungiyoyin yankin sun yi ta tambayar wanda zai ɗauki nauyin tsohuwar ɓarna. A lardin Alberta akwai dubban rijiyoyin da kamfanoninsu suka karye suka bar su ba mai kula. Saboda haka al'umma ta nemi a ajiye kuɗin gyara gaba ɗaya a asusun da kamfani ba zai iya taɓawa shi kaɗai ba, tun kafin a fara haƙa, a riƙa sake ƙiyasta shi lokaci zuwa lokaci, a kuma rubuta cewa ba za a sayar da rijiya ga wani ba sai an tabbatar mai sayen na da ƙarfin ɗaukar wannan nauyi.